Sunan Aro a Kiɗan Jangul: Abin da Furodusa Zai Iya Ɓoyewa da Wanda Bai Kamata Ya Ɓoye Ba

A duk lokacin da labari ya ɓulla cewa wani sanannen furodusan kiɗan na'ura zai fitar da faifan jangul, wato wani kiɗan rawa mai saurin ganguna da ya taso a Birtaniya, da sunan da ba a san shi da shi ba, masu bibiyar wannan kiɗa sukan rabu gida biyu tun kafin kowa ya ji ko da daƙiƙa goma na abin da ya haɗa. Wasu sukan shiga ɗoki, su dinga ƙirga kwanaki, suna kasa kunne ga shirye-shiryen rediyo ko wani DJ zai ɗan ɗanɗana musu sabon kiɗan. Wasu kuma sukan taɓe baki, su ce ai duk dabarar talla ce, ko su ce ga wani baƙo nan ya zo shan inuwa a gidan da bai taya ginawa ba. Ina cikin masu ɗokin, kuma ina ganin fitar da kiɗa da sunan aro haƙƙi ne na furodusa, al'ada ce da jangul ya buɗe ido ya tarar. Sai dai goyon bayana yana da sharaɗi. Mutum na iya ɓoye fuskarsa da shahararsa, amma ba shi da hurumin ɓoye inda kiɗan ya fito, ko mutanen da ya ci moriyar guminsu.

Jangul ya samo asali ne a Landan a farkon shekarun 1990, musamman tsakanin 1991 da 1994, lokacin da matasa, waɗanda da yawansu 'ya'ya ne da jikokin mutanen da suka yi ƙaura daga Jamaika da sauran tsibiran Karebiyan, suka gauraya kiɗan raye-rayen dare na wancan zamani da amon rege mai nauyi da kirarin masu riƙe makirfo. Saurinsa yakan kai bugu 160 zuwa 170 a minti guda, amma amon bes, wato sautin nan mai kauri da ke ƙarƙashinsa, yana tafiya ne da rabin wannan sauri, shi ya sa mai rawa yake da zaɓi, ko ya bi ganguna ya yi ta tsalle, ko ya bi bes ya yi rangaji a natse. Gangunan kuwa yawanci na aro ne daga tsofaffin faya-fayai. Mafi shahara a cikinsu shi ne ɗan guntun da ake kira Amen, wanda bai wuce daƙiƙa shida zuwa bakwai ba, kuma Gregory Coleman ne ya buga shi a 1969 a wani faifai na ƙungiyar The Winstons ta Amurka. Furodusa yakan zuba wannan guntu a na'urar ɗaukar sauti irin Akai S950, ya yayyanka shi gunduwa-gunduwa, bugun babbar ganga daban, na ƙarama daban, ƙarar faranti daban, sannan ya sake jera su a kwamfutar Atari ko Amiga bisa tsarin da hannun ɗan Adam ba zai iya bugawa ba. Yana iya maimaita bugu ɗaya sau takwas cikin ƙiftawar ido, ya ɗaga sautin wani, ya juya wani baya, ya ja wani ya miƙe har ya soma ƙara irin ta ƙarfe. Dubban mutane sun yi aiki da wannan guntu guda, amma babu biyun da suke yanka shi iri ɗaya, kuma wanda ya daɗe yana sauraro yakan gane hannun mai yankan ko da ba a rubuta sunansa ba. Wannan yana da muhimmanci ga batunmu, domin yana nuna cewa a jangul, sa hannun furodusa na gaskiya yana cikin gangunan ne, sunan da ke jikin faifai kuwa ya zo daga baya.

Ɓoye suna ya girme wa jangul da kusan shekara arba'in. A Jamaika ta shekarun 1950, masu manyan lasifikan rawa irin su Coxsone Dodd da Duke Reid sukan sayo faya-fayai daga Amurka, su kankare rubutun da ke jikinsu, su raɗa musu sabon suna, don kada abokin hamayya ya gano abin da ke tara musu jama'a. Wannan ɗabi'a ta biyo baƙin haure zuwa Ingila, ta haɗu da tsarin faifai mai farar takarda, wanda ake buga ɗaruruwa kaɗan ba tare da suna ko hoto ba, sai dai wani lokaci a dangwala masa hatimi ko a rubuta lambar waya da biro. Akwai kuma faifan gwaji da ake yanka wa DJ shi kaɗai, irin wanda a wancan lokaci ake bin layi a yanka a ɗakin yankan faifai na Music House a Holloway, arewacin Landan, wanda sautinsa kan dushe bayan an kunna shi sau 'yan gommai. DJ yakan yi watanni yana juya irin wannan faifai kafin ya shiga kasuwa, kuma a duk tsawon lokacin jama'a suna rawa ne da kiɗan da ba su san mai shi ba. Haka nan gidajen rediyo marasa lasisi, irin su Kool FM da aka kafa a 1991 a gabashin Landan, a lokacin suna watsa shirye-shirye daga saman dogayen benaye, hukuma tana farautarsu tana ƙwace kayan aiki, don haka babu mai hankalin da zai faɗi sunan yankansa a makirfo. A irin wannan muhalli, laƙabi shi ne sunan aiki na kowa.

Manyan da suka gina kiɗan da kansu ba su tsaya ga laƙabi ɗaya ba. Marc Mac da Dego na ƙungiyar 4hero, masu kamfanin Reinforced, sun fitar da faya-fayai da sunaye irin su Manix da Tek 9 da Tom & Jerry, kowane suna da irin ɗanɗanonsa. Rupert Parkes, wanda duniya ta sani da Photek, ya yi aiki da Studio Pressure da Aquarius da The Sentinel. Goldie ya yi amfani da Rufige Kru. Dalilan a bayyane suke: mutum ɗaya yana iya kammala kiɗa da dama a wata guda, kuma idan ya zuba su duka da suna ɗaya sai kasuwa ta gundura da shi; wani ya sa hannu a yarjejeniyar da ta ɗaure sunansa ga kamfani guda; wani kuma ya ari sautin da bai nemi izini ba, yana gudun lauyoyi. Amma misalin da ya fi jan hankalina shi ne na Michael West. A 1989 ya yi tashe a matsayin Rebel MC, waƙarsa ta kai mataki na uku a jadawalin waƙoƙin Birtaniya, ana ganin sa a talabijin. Da ya juya ga kiɗa mai nauyi da aƙidar Rasta, tsohon sunan ya zame masa kaya, domin duk wanda ya gan shi zai tuna da mawaƙin nishaɗi ne. Sai ya koma fitar da aiki da sunaye irin su Conquering Lion, daga baya ya zauna a kan Congo Natty, kuma a yau babu mai ba da tarihin jangul ya tsallake shi. Sabon suna ne ya ba shi damar a saurare shi da sabon kunne, duk da cewa shi ɗan gida ne, ɗan unguwar Tottenham ta Landan, mai jinin Jamaika.

Idan ɗan gida ya buƙaci haka, wanda ya yi suna a tekno ko hawus, wato wasu nau'o'in kiɗan rawa na na'ura da ba jangul ba, ya fi shi buƙata. Shahara tana toshe kunnen mai sauraro. Idan sanannen furodusa ya sa babban sunansa a faifan jangul, masoyansa za su yabe shi ko da bai yi kyau ba, 'yan jangul kuma za su kushe shi ko da ya yi kyau, kuma a ƙarshe babu wanda ya saurari gangunan. Luke Vibert, ɗan yankin Cornwall, ya fahimci wannan tun da wuri: ya bar sunan Wagon Christ ga kiɗansa mai tafiyar hawainiya, ya fitar da kundi da sunan Plug a 1996, sannan daga 2003 ya shiga fitar da jangul zalla da sunan Amen Andrews a kamfanin Rephlex. Paul Woolford na birnin Leeds ya shafe shekaru ana saninsa da hawus da tekno kafin ya ɓullo da Special Request, wanda kundinsa na 2013 a kamfanin Houndstooth ya taimaka wajen dawo da yankakkun ganguna gidajen rawar da suka manta da su. Jim Coles, wato Om Unit, ya ari sunan Philip D Kick a 2011 don ya gwada auren tsohon jangul da kiɗan rawar ƙafa na birnin Chicago, gwajin da da wuya ya yi shi da sunan da yake ci da shi. Hanyar ma tana bi ta ɗaya ɓangaren, domin marigayi Marcus Intalex, wanda ya yi suna a Manchester a fagen Drum and Bass, kiɗan da ya tsiro daga jangul, da ya so yin tekno sai ya zama Trevino. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya yaudari kowa. Sun dai ware wa kowane aiki mazauninsa, sun kuma ba shi damar tsayawa da ƙafarsa.

Masu cewa duk dabarar kasuwa ce ya kamata su duba yadda kasuwar take a yau. A manhajojin sauraron kiɗa, suna shi ne jari. Mabiyan da furodusa ya tara cikin shekara ashirin suna maƙale ne da tsohon sunansa, kuma na'urar da ke ba wa mutane shawarar abin da za su saurara ba ta san cewa sabon sunan nasa ba ne. Tun daga 2024, Spotify ba ya biyan ko kwabo a kan kiɗan da bai samu saurare 1,000 cikin watanni 12 ba. Wanda ya ajiye sunan da zai kawo masa dubban masu sauraro a ranar farko, ya ɗauki wanda babu mai bin sa, ya zaɓi asara ne da idonsa buɗe. Ina ganin mutumin da ya yi haka ya cancanci a yi masa kyakkyawan zato.

Duk da haka, zargin ba ya rasa tushe, domin akwai ɓoyon da ba ɓoyo ba ne. Wani lokaci kamfani yakan fitar da sanarwa cewa wani “babban furodusa da kowa ya sani” ne ke bayan sabon suna, a bar alamu a hoton murfi, a raɗa wa 'yan jarida biyu ko uku, sai intanet ta ɗauka. A nan an ci riba biyu, an samu kwarjinin asiri, an kuma samu cinikin babban suna. Wannan ba ya burge ni, domin yana mayar da hankalin mutane daga kiɗa zuwa wasan canki-canki. Ko Richard D. James, wato Aphex Twin, da ya fitar da faya-fayai da sunan The Tuss a 2007 kuma bai amsa cewa nasa ba ne sai a 2014, ya bar masoyansa sun ɓata shekaru suna binciken takardun haƙƙin mallaka, har zancen wane ne ya yi ya so ya danne zancen me aka yi. Labarin Burial, wani furodusa ɗan Landan, ya nuna ɗaya fuskar lamarin. Shi da gaske yake son a bar shi a ɓoye, kuma ya sha faɗin cewa ya taso ne yana jin jangul ba tare da sanin fuskokin masu yin sa ba, amma da aka sa shi cikin 'yan takarar kyautar Mercury, wadda ake ba kundin da ya fi fice a shekara a Birtaniya, a 2008, jaridar The Sun ta shiga farautar ko wane ne shi, har ya gaji ya bayyana sunansa da hotonsa don a ƙyale shi. Laifin a nan na masu tono ne. Mu masu sauraro muna da namu kason a wannan ɓarna, domin mu ne muke rubanya kuɗin faifai a Discogs, kasuwar faya-fayai ta intanet, da zarar an yi raɗe-raɗin cewa na wane ne, alhali jiya yana nan a araha babu mai kallonsa.

Zargi na biyu ya fi nauyi, kuma shi ne ya kamata a daɗe a kansa. Jangul kiɗa ne da masu shi suka sha wuya a kansa. A 1994, shekarar da ya fi tashe, jaridu da dama sun riƙa danganta shi da tashin hankali da miyagun ƙwayoyi, gidajen rawa suna rufe masa ƙofa. A wannan shekarar ce majalisar Birtaniya ta zartar da dokar da ta ba 'yan sanda ikon tarwatsa tarukan rawa na fili, har ta ambaci kiɗa mai maimaita bugu. Ba da jimawa ba aka soma tace shi, aka rage muryoyin Jamaika da kirarin masu makirfo, aka fi kiran sa Drum and Bass, wasu har suna laƙaba wa nau'in da aka tace cewa shi ne na masu tunani, maganar da ta ƙona ran waɗanda suka fara abin. Gaskiya ne kundin Goldie na 1995 ya yi kasuwa sosai, kuma Roni Size da ƙungiyarsa ta Bristol sun ci kyautar Mercury a 1997, amma da yawa daga cikin majagaba ba su ga komai ba. Daga 2005 zuwa 2017, 'yan sandan Landan sun yi aiki da wata takarda da ake kira Form 696, wadda ke tilasta wa masu shirya biki su ba da sunaye da adireshin DJ da masu makirfo, kuma a sigarta ta farko har tana tambayar ƙabilar mutanen da ake sa ran za su halarta. Nauyinta ya faɗa ne mafi yawa a kan kiɗan baƙaƙen fata. Wanda ya san wannan tarihi yana da dalilin jin zafi idan ya ga wani da bai taɓa fuskantar ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya shigo yanzu da kiɗan ya sake farin jini, ya yi faifai ɗaya, ya kwashi yabo, ya koma inda ya fito.

Farin jinin kuwa akwai waɗanda suka yi masa aiki. Tim Reaper ya shafe shekaru yana fitar da jangul ba dare ba rana, yana kuma ɗaga wasu ta kamfaninsa na Future Retro London. Coco Bryce yana yin nasa daga ƙasar Holan. Sherelle ta kai wannan sauri manyan dandamali. Nia Archives ta yi kira a fili ga masu kyautar MOBO, wadda ke karrama kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen fata, da su buɗe rukunin kiɗan rawa na na'ura, aka buɗe shi a 2022 ita ta fara cin sa, kuma kundinta na 2024 ya shiga takarar Mercury. Waɗannan ba sa ajiye jangul idan yayi ya wuce.

Amma idan aka bi zargin zuwa ƙarshensa, ina ganin yana goyon bayan sunan aro ne. Mu ɗauka wannan sanannen furodusa ya zo da babban sunansa. Mujallu za su rubuta cewa shi ne ya farfaɗo da jangul, masu shirya bukukuwa za su sa sunansa a saman allo da manyan baƙaƙe, su sa na waɗanda suka yi shekara goma a fagen a ƙasa da ƙanana, shagunan faifai kuma su cika gaban kanta da nasa. Idan kuwa ya zo da sunan da babu wanda ya sani, kuma ya riƙe sirrin da gaske, dole ya bi layi kamar kowa. Faifansa zai shiga akwatin DJ tare da na yaro ɗan shekara ashirin da ya haɗa nasa a ɗakin kwanansa, kuma wanda gangunansa suka fi motsa jama'a shi za a sake kunnawa mako mai zuwa. Ban san wata hanyar shigowa da ta fi wannan ladabi ba. Abin da zai tabbatar da niyyarsa shi ne abin da zai biyo baya: ko zai dawo da faifai na biyu da na uku, ko zai kai aikinsa ƙaramin kamfanin jangul don su ma su amfana, ko zai kunna kiɗan matasan a shirye-shiryensa ya kuma faɗi sunayensu.

Inda nake tsayawa daram shi ne batun bashi. Gregory Coleman ya rasu a 2006 ba shi da matsuguni, kuma bai karɓi ko sisi ba daga dubban kaɗe-kaɗen da aka gina a kan daƙiƙoƙinsa shida. Sai a 2015 wasu masoya kiɗa a Birtaniya suka buɗe asusun tallafi a intanet, suka tara kimanin fam 24,000 suka miƙa wa Richard Spencer, shugaban ƙungiyar, wanda shi ma bai taɓa samun komai ba. Wannan kuɗi ne kaɗan ƙwarai idan aka auna shi da abin da guntun ya samar wa wasu. Haka lamarin yake ga masu kirari na Jamaika da aka yanki muryoyinsu daga kaset ɗin gasar lasifika aka liƙa a kan ganguna ba tare da an ko ambace su ba. Ina iya yi wa yaron 1993 uzuri, wanda ya ari na'ura, ya buga faifai 500, bai san ma sunan mai gangar ba. Ba zan yi wa furodusan da ke da manaja da lauya da kuɗin shiga daga yawon bukukuwa irin wannan uzuri ba. Idan sunan aro ya zama masa mafakar gudun biyan haƙƙi, to ya ɗauki al'adar talakawa ya mayar da ita hanyar cin guminsu. Abin da ake nema a wurinsa ba shi da wuya: ya rubuta a jikin faifai inda ya samo ganguna da muryoyi, ya nemi izinin waɗanda suke raye, ya ba su kasonsu, idan kuma yana son murya ya ɗauki mai makirfo na gaske ya biya shi ya sa sunansa. Duk wannan yana yiwuwa ba tare da ya bayyana nasa sunan ba.

Sunan da ya zaɓa shi ma yana cikin bashin. Akwai bambanci tsakanin ƙin faɗin ko kai wane ne da nuna cewa kai wani ne daban. A watan Yuli na 2020, furodusan Birtaniya Dave Lee ya ajiye laƙabin Joey Negro da ya yi kusan shekara talatin yana amfani da shi, Marea Stamper kuma ta sauya nata daga The Black Madonna zuwa The Blessed Madonna, dukansu farar fata ne, kuma dukansu sun amince cewa sunayen suna ɓata wa mutane rai. A jangul wannan haɗari ya fi yawa, domin kiɗan cike yake da alamun Rasta da karin harshen Jamaika. Idan Bature daga Balin ko Amsterdam ya ɗauki suna mai kama da na ɗan Kingston, babban birnin Jamaika, ya zana zaki da tutar kore da rawaya da ja a murfi, ya bar mutane suna zaton baƙar fata ne daga unguwar Brixton ta Landan, ya wuce ɓoyo ya shiga ƙarya, kuma ya ci wani amincin da ba nasa ba. Launin fatarsa ba ya hana shi yin jangul, domin tun ranar farko akwai farare a cikin masu gina shi, irin su Rob Playford na kamfanin Moving Shadow da Photek da na ambata. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ya saka rigar wani don a karɓe shi.

Akwai kuma wani sabon dalili da ya sa gaskiya a wannan fage ta ƙara tsada. A 2025 wata ƙungiya mai suna The Velvet Sundown ta tara masu sauraro sama da miliyan guda a wata a Spotify kafin a tabbatar cewa da ƙirƙirarriyar basira aka haɗa ta, babu mawaƙa a bayanta. A da, faifai marar suna yana nufin akwai mutum a wani ɗaki da ya fi son a ji aikinsa da a ga fuskarsa. Yanzu mai sauraro yana da dalilin tambayar ko akwai mutum ma a wurin. Wannan yana ɗora nauyi a kan kamfanin da ya fitar da faifan da DJ da ya fara kunna shi, domin su ne masu tsaya wa wanda ba a gani ba. Idan kamfani mai mutunci ya ce mutum ne ya yi wannan, mun san shi, ya kuma biya waɗanda ya ara daga wurinsu, ni wannan ya ishe ni, ba na buƙatar sunansa.

Abin da nake fata daga irin wannan faifai shi ne kada ya zama kwaikwayon 1994 kawai. Da yawa daga cikin masu shigowa daga waje sukan ɗauka cewa idan suka tara Amen, da ƙarar jiniya, da muryar mace mai waƙar soyayya, da ɗan ƙurar tsohon kaset, sun yi jangul. Sun yi hotonsa ne kurum. Waɗanda suka fara shi ba tsohon abu suke so ba, suna matsa wa na'urorinsu masu ƙaramar ƙwaƙwalwa ne su fitar da abin da ba a taɓa ji ba, kuma kowane wata salon yana sauyawa. Furodusan da ya zo daga tekno yana da abin da zai kawo, wato sanin yadda ake gina kiɗa a hankali na minti bakwai ko takwas, da sarrafa sarari tsakanin sautuka, da tsabtace bes yadda zai girgiza ƙirji ba tare da ya haɗiye ganguna ba. Ina so in ji wannan ilimi a cikin yankan, in ji ya yi kasadar da babban sunansa ba zai bar shi ya yi ba, ko da wani ɓangaren bai zauna daidai ba. Idan faifan ya fito zan saye shi kai tsaye daga kamfanin ko ta shafin sayar da kiɗa na Bandcamp, inda kuɗin ya fi isa ga masu aikin, zan saurare shi kafin in karanta abin da kowa ya rubuta a kansa, sannan in duba bayanan da ke tare da shi in ga ko an ambaci masu ganguna da masu muryoyi. Idan an ambace su, zan jira na biyu da irin ɗokin da na jira na farko, ko da ban taɓa sanin wane ne ya yi shi ba.